Yadda Ake Sabunta Satifiket ɗin EMT a Amurka Ba Tare da Gudun Ƙarshen Maris Ba

Kwanakin baya wani ƙanenmu da ya fara aikin motar asibiti ya kira ni cikin dare, murya a sama. Wai an turo masa imel cewa satifiket ɗinsa na EMT, wato ma'aikacin agajin gaggawa na motar asibiti, zai mutu ranar 31 ga Maris. Shi a zatonsa wanda ya ci jarrabawa ya ci ke nan har abada, kamar takardar gama sakandare. Na ce masa ya sha ruwa ya zauna, don ba shi ne na farko ba. Ni kaina sau biyar ina sabunta nawa, kuma na farkon a guje na yi shi, ina zaune a bayan mota tsakanin kira da kira ina neman takardun da ban san inda na jefa su ba. Abin da na gaya masa a waya shi zan rubuta a nan, da ƙarin abin da barci ya hana ni faɗa a daren.

Kafin komai, ka san takarda biyu ce a hannunka, kuma kowace da agogonta. Ta farko satifiket ne na hukumar rajistar ƙasa, NREMT, wadda aka kafa a 1970, hedkwatarta na Columbus a jihar Ohio. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Abin da take yi shi ne ta shaida cewa ka iya aikin, kuma shaidar tata shekara biyu take yi. Ta biyu lasisin jiha ne, shi ne yake ba ka izinin taɓa majinyaci. Jihohi kuwa kowace da nata tsarin: Texas shekara huɗu take bayarwa, kuma wanda ya zaɓi hanyar karatu awa 72 take nema a wajensa, California shekara biyu ce, da awa 24 da gwajin aikin hannu. Sabunta ɗaya ba ya sabunta ɗaya da kansa. Wasu jihohin suna karɓar satifiket ɗin NREMT a madadin nasu awannin, wasu ma ba su tilasta maka ka ci gaba da riƙe shi bayan ka sami lasisi. Duk da haka shawarata kada ka bar shi ya mutu. Mu baƙi ne masu yawan ƙaura, yau kana Houston, gobe wani ɗan'uwa ya samo maka aiki a wata jiha, kuma a ranar satifiket ɗin ƙasa ne zai rage maka wahalar neman sabon lasisi.

Wannan bayani na matakin EMT ne. Sauran matakan uku tsarinsu ɗaya, awannin ne suka bambanta: EMR, na ƙasa da EMT, 16; AEMT, na gaba da EMT, 50; faramedik, mataki mafi girma, 60. EMR kuma nasu wa'adin 30 ga Satumba ne, ba Maris ba.

Abin da za ka tanada

- Hanyar shiga asusunka na shafin NREMT: sunan shiga, kalmar sirri, da adireshin imel ɗin da kake buɗewa da gaske. Kada ya zama imel ɗin makarantar da ka bari ko na wurin aikin da ka ajiye.
- Lambar rajistarka ta ƙasa da lambar lasisin jiha. Masu ba da kwas suna tambayar su.
- Jaka ɗaya ta takarda a gida, da fayil ɗaya a waya ko kwamfuta, na ajiye shaidar kowane kwas.
- Katin CPR (farfaɗo da zuciya da numfashi ta hanyar danna ƙirji da hura iska) na ma'aikatan lafiya wanda bai mutu ba. Na Ƙungiyar Zuciya ta Amurka, AHA, shekara biyu yake yi.
- Sunan jami'in horaswa na ma'aikatarka da yadda ake samunsa.
- Katin banki. Kuɗin sabuntawa a shekarun nan dala 25 ne ga EMT, ka duba ko ya motsa. Kuɗin kwas daban yake.
- Kalanda, ko da ta jikin bango ce.

1. Duba ranar da satifiket ɗinka zai mutu

Kada ka lissafa da ka. Shiga asusunka ka gani da idonka. Dalili shi ne zagayen farko ba daidai shekara biyu yake ba. Wanda ya kammala samun satifiket tsakanin 1 ga Janairu da 30 ga Yuni, nasa zai mutu 31 ga Maris bayan shekara biyu; wanda ya samu tsakanin 1 ga Yuli da 31 ga Disamba, sai Maris na shekara ta uku. Misali, mutum biyu da suka samu a 2024, ɗaya a Fabrairu ɗaya a Agusta: na farko Maris 2026, na biyu Maris 2027. Na ga abokan aji biyu da suka rikice a nan, ɗaya ya dogara da ranar ɗayan.

Ka rubuta ranar a kalanda, ka rubuta ta lasisin jiha, ka rubuta ta katin CPR. Sannan ka sa wa kanka wata rana ta huɗu, wato 31 ga Janairu, ka ɗauke ta a matsayin wa'adinka na gaske. Za ka ga amfanin hakan a mataki na shida.

2. Zaɓi hanya: karatu ko jarrabawa

Hanya biyu ce. Ko ka tara awa 40 na ƙarin karatu cikin zagayen, ko ka sake zama jarrabawar kwamfuta irin wadda ka ci da farko.

Jarrabawar ana yin ta ta hannun kamfanin gudanar da jarrabawa Pearson VUE, tambaya 70 zuwa 120 cikin awa biyu, kuma irin wadda take auna ka ce tana tafiya: ka amsa daidai ta ƙara tsauri, ka kuskure ta sassauta. Ana buɗe maka ƙofarta a shekarar ƙarshe ta zagayen, daga 1 ga Afrilu, kuma sau ɗaya tak ake ba ka dama ta wannan hanya. Kuɗinta ya haura dala ɗari. Idan ka faɗi, satifiket ɗinka ba ya mutuwa nan take, sai dai dole ka koma hanyar karatu ka cika awa 40 kafin wa'adi. Saboda haka wanda zai gwada ya gwada da wuri, a Afrilu ko Mayu, don in ta ƙi ya sami lokacin gyara. Wanda ya zauna ta a tsakiyar Maris ya faɗi, ya ɗaura wa kansa dutse. A 2025 kuma an sake fasalin jarrabawar, yanzu tana bin aikin yadda ake yinsa a fili: duba wurin da lamarin ya faru, binciken farko, bincike na biyu, magani da ɗaukar majinyaci, sai harkokin gudanarwa. Tsohon littafinka na aji ba lallai ya ishe ka ba.

Wani abu da ya shafe mu musamman: sunan da ke asusunka dole ya zama daidai da na katin shaidar da za ka nuna a wurin jarrabawa. Idan fasfo ya ce Mohammed, asusu ya ce Muhammad, ko an juya sunan uba ya koma gaba, za a iya mayar da kai daga bakin ƙofa. Ka gyara tun kafin ka kama rana.

Ni hanyar karatu nake bi, kuma ita nake ba sabon shiga shawara. Yawancin ma'aikatu suna yin horaswa a cikin gida ko ta yaya, jiha ma tana neman awanni, to me zai sa ka biya kuɗi ka jefa kanka a caca alhali rabin awannin suna zuwa maka har inda kake? Jarrabawa ta fi dacewa da wanda karatun ke ɗanye a kansa, kamar ɗalibin faramedik ko na aikin jinya.

3. Raba awa 40 ɗin kwando uku

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Ba awa 40 na duk abin da ka ga dama ba ne. Tsarin, wanda ake kira NCCP, ya kasa su haka: awa 20 na ɓangaren ƙasa, awa 10 na jiha ko ma'aikata, awa 10 na zaɓin kanka.

Kwandon ƙasa shi ne mai ƙa'ida. A tsarin 2025 an raba awa 20 ɗin gida biyar: hanyar numfashi awa 4, zuciya awa 5, rauni awa 3, cututtuka awa 6, gudanar da aiki awa 2. Kuma kashi 10 cikin ɗari na wannan kwando, wato awa biyu, dole ya shafi yara. A tsohon tsarin 2016 numfashi da rauni awa ɗaya da rabi kowannensu suke da shi, gudanarwa kuma awa biyar. To idan wani tsohon hannu ya ba ka jadawalin da ya yi amfani da shi shekarun baya, ka gode masa, amma ka bi wanda ke cikin asusunka. Awa biyun nan na yara su ne aka fi mantawa. Mutum zai ga jimla ta nuna 20, ya yi hamdala, sai shafin ya ƙi barinsa ya wuce.

Kwandon jiha: idan jiharka ko ma'aikatarka ta fayyace darussan da take so, su za ka yi. Sau da yawa sababbin ƙa'idojin aiki ne na yankin, ko wani magani da aka ƙara wa motar. Idan ba a fayyace komai ba, kowane darasi da ya shafi kula da majinyaci zai shiga. Kwandon kanka kuwa naka ne. Abin da ya yi rara a kwandon ƙasa ana iya zuba shi a sauran biyun, saboda haka ka fara cika na ƙasa.

A kwandon kanka ina roƙonka kada ka zaɓi abin da ka riga ka iya don ya yi sauri. Ka tambayi kanka wane kira ne idan ya shigo gabanka ke faɗuwa. Ni haihuwa ce a mota da jariri mai wahalar numfashi, don a shekara ba na ganin su fiye da a ƙirga da yatsu. A can nake kashe awannina.

Kada kuma ka ɗauka duk wannan neman kuɗi ne kawai na hukuma. Aikin yana canzawa a hannunmu. Akwai lokacin da duk wanda ya yi hatsarin mota sai an ɗaure shi a kan dogon allo mai tauri har asibiti. Yanzu wurare da yawa sun koma ga taƙaita motsin ƙashin baya a kan gadon motar, allon ya zama abin ciro mutum kawai. Akwai lokacin da duk mai ciwon ƙirji sai an ɗora masa oksijin da ƙarfi. Yanzu ana duba awon oksijin na jininsa tukuna. Maɗaurin tsayar da jini, wanda da ake koyar da cewa sai an rasa yadda za a yi, ya dawo gaba bayan abin da aka gani a yaƙin Iraƙi da Afganistan. Naloxone na farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, da faramedik ne ke ba da shi a jihohi da yawa, yanzu yana jakar EMT. Wanda ya tsaya a kan abin da aka koya masa a aji, yana iya cutar da mutum da kyakkyawar niyya.

4. Samo karatun da ake karɓa

Ba kowane kwas ake ƙirgawa ba. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka biya ko sisi: hukumar CAPCE, mai tantance kwasa-kwasan ma'aikatan agajin gaggawa, ta amince da shi, ko ofishin kula da agajin gaggawa na jiha ya amince? Idan amsar ba ɗaya daga cikin biyun ba ce, ka wuce. Darussan kwaleji da suka shafi aikin kai tsaye, kamar ilimin sassan jiki ko na magunguna, su ma ana karɓa, da takardar sakamako daga makarantar.

Wuri mafi sauƙi shi ne ma'aikatarka. Horaswar wata-wata, bitar kiraye-kirayen da aka yi tare da likita, koyon sabuwar na'ura, duk suna iya shiga muddin an yi musu rajista yadda ya kamata. Ka sa hannu a takardar halarta kowane lokaci, ka kuma nemi shaida. Sabunta katin CPR ma awanni ne a gidan zuciya. Manyan kwasa-kwasai na kwana biyu kamar PHTLS na rauni da AMLS na cututtuka awa 16 ne kowanne, suna cike gibi babba lokaci guda, kuma a ganina sun fi kowane bidiyo amfani saboda ana sa ka ka yi da hannunka.

Idan ba ka da ma'aikatar da ke horaswa, ko dutin dare ya hana ka zuwa aji, akwai kamfanonin intanet masu sayar da kunshin awa 40 a jere daidai da tsarin NCCP. Da akwai iyaka a kan yawan awannin da mutum zai yi shi kaɗai a gaban kwamfuta ba malami. Lokacin korona aka sassauta, daga baya NREMT ta cire iyakar. Amma ka lura, cirewar NREMT ba cirewar jiha ba ce. Jiharka tana iya neman wasu awanni a gaban malami, sai ka duba nata dokar kafin ka sayi kunshi. Idan aljihu ya yi sanyi, ka leƙa asibitocin da kuke kai majinyata. Cibiyoyin rauni da na shanyewar ɓarin jiki sukan shirya wa ma'aikatan mota darussa kyauta, wani lokaci har da abinci.

Ga abin da ba a ƙirgawa, don kada ka ɓata lokaci: awannin da ka yi kana bakin aiki, aikin sa-kai, zaman koyon aiki a asibiti, rakiyar ɗalibi a mota, zama alƙalin gwajin hannu, kwas ɗin koyon koyarwa, da kwas ɗin shugabanci. Kwas ɗaya kuma ba a ƙirga shi sau biyu a zagaye ɗaya. Kwas ɗin da ka yi kafin zagayen ya fara, shi ma ya wuce.

Lissafin ba shi da nauyi idan an raba shi: awa 40 cikin wata 22, wato zuwa 31 ga Janairu, bai kai awa biyu a wata ba. Nauyinsa yana zuwa ne idan aka tara shi a mako uku. A 2025 watan Maris kusan gaba ɗayansa azumi ne, ƙaramar salla ta faɗo 30 ga wata. Na san waɗanda suka yi goman ƙarshe suna raba dare tsakanin tahajjud, duti da bidiyon karaya. Wanda kuma ya saba zuwa gida a Disamba ya yi wata guda ko biyu, ya gama awanninsa kafin ya hau jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

5. Shigar da kowane kwas ranar da ka gama shi

A asusunka akwai wurin da ake jera karatun da aka yi. Da ka karɓi shaidar kwas, ka yi abu uku kafin ka kwanta: ka ɗauki hotonta ka ajiye a fayil, ka shigar da kwas ɗin a shafin tare da ɗora hoton, sannan ka sanya shi a kwandon da ya dace. Na ukun nan shi ake tsallakewa. Shigar da kwas daban, sanya shi a gidansa daban. Za ka iya shigar da awa 50 shafin ya ci gaba da nuna maka sifili a gidan numfashi, don ba ka gaya masa inda kowace awa za ta zauna ba. Kwas mai faɗi ana iya yanka shi: awa kaza rauni, awa kaza numfashi, saura a kwandon kanka, gwargwadon abin da aka koyar a ciki da gaske.

Kwasa-kwasan CAPCE sukan iso asusunka ta hanyar shigo da su kai tsaye, idan ka ba mai kwas ɗin sunanka da lambar rajistarka daidai. Idan ba su bayyana ba, mafi yawan lokuta harafi ɗaya ne ya sauya a suna ko lamba. Ka gyara a wurin mai kwas, ko ka shigar da hannu.

Shaida mai kyau tana ɗauke da sunanka, sunan kwas, ranar gamawa, yawan awanni, da lambar amincewa ta CAPCE ko ta jiha. Idan ɗaya babu, ka koma a gyara tun malamin yana tuna fuskarka. Na taɓa neman shaidar wani darasi bayan wata goma sha huɗu, na tarar wanda ya koyar ya bar aiki, takardar halarta kuma ba wanda ya san akwatin da take. Awa huɗu suka tafi haka, sai da na sake su.

6. Haɗa asusunka da ma'aikata, a tabbatar da aikin hannunka

Awanni kaɗai ba sa ba ka matsayin mai aiki. Dole wani ya shaida cewa hannunka yana nan. Ga EMT jami'in horaswa na ma'aikata ne. AEMT da faramedik sai an haɗa da likitan da ke sa ido a kan ma'aikatar. A asusunka za ka nemo sunan ma'aikatarka ka tura buƙatar haɗewa, jami'in ya karɓa. Ka yi wannan tun watan farko da ka kama aiki. Idan ka sauya wurin aiki, ka cire tsohon ka sa sabon, in ba haka ba takardarka za ta je ta kwanta a gaban mutumin da ba ya ma tuna ka.

Yadda ake gwajin ya danganta da ma'aikata. Wasu rana guda suke warewa a shekara, a jera tebura: hura iska da jaka da abin rufe fuska, CPR da na'urar AED mai ba zuciya shok na lantarki, ɗaura maɗaurin jini, ɗorin karaya, allurar efinefirin ta mai mummunan borin jini, awon sukari, binciken majinyaci daga kai zuwa ƙafa. Wasu kuma suna dogara da abin da suka gani a bakin aiki da rahotanninka. Kada ka raina ranar. Danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, danna 30 hura 2, kowa ya haddace. Amma ɗan roban da ake gwaji da shi yanzu yana da na'ura mai nuna ko kana barin ƙirji ya dawo, kuma tsofaffin hannu ne ya fi kunyatawa.

Dalilin 31 ga Janairu ke nan. Duk sauran matakan a hannunka suke, wannan ne kaɗai yake hannun wani. Jami'in horaswa mutum ɗaya ne, a Maris kuma takardun ma'aikata duka suke sauka a kansa, ga nasa dutin, ga hutu, ga rashin lafiya. Wanda ya miƙa a Janairu yakan sami sa hannu cikin kwanaki. Wanda ya miƙa 30 ga Maris sai addu'a.

Idan ba ka aiki a ko'ina fa? Misali ka koma tuƙi ko makaranta, ko ka tafi gida jinyar mahaifi. Akwai matsayin wanda ba ya bakin aiki. Za ka cika awa 40 ɗin daidai kamar kowa, ka biya, amma ba a neman sa hannun jami'in horaswa. Satifiket ɗinka yana raye, kuma ranar da ka sami aiki sai ka haɗa asusu da sabuwar ma'aikata, a tabbatar da hannunka, a mayar da kai mai aiki. Mutane da yawa sun bar nasu ya mutu don ba su san da wannan ƙofa ba. Wanda ya bi hanyar jarrabawa shi ma yana buƙatar sa hannun nan idan yana son matsayin mai aiki. Cin jarrabawa awanni kawai yake ɗauke masa.

7. Cike fom, biya, ka bi sawu

Ana buɗe karɓar takardun sabuntawa wata shida kafin wa'adi, wato daga 1 ga Oktoba. Da kwandunan uku sun cika, ka buɗe fom ɗin, ka zaɓi matsayinka, ka amsa tambayoyin, ka biya. Akwai tambayoyi game da ko an taɓa ɗaukar mataki a kan lasisinka. Ka faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma hukumomin jiha da NREMT suna magana da juna. Ɓoyewar takan fi laifin kansa tsada.

Bayan ka biya, ka tura wa jami'in horaswa saƙo cikin ladabi cewa takardarka tana jiransa. Kada ka ɗauka biya shi ne gamawa. Ka riƙa leƙa asusun har ka ga sabuwar ranar mutuwar satifiket ta fito, shekara biyu gaba. Sai ka sauke sabon katin, ka buga kwafi ɗaya, ka tura wa ofishin ma'aikata ɗaya.

8. Koma kan lasisin jiha

Yanzu ka buɗe shafin ofishin jiharka. Idan tana karɓar satifiket ɗin NREMT, ka ɗora sabon katin ka biya nata kuɗin. Idan tana da nata awannin, yawancin waɗanda ka tara za su yi aiki a nan ma, sai ka cike abin da ya rage. A California ba ma ofishin jiha kai tsaye ake zuwa ba, hukumar yankin da ta ba ka takardar ita ke sabuntawa, kuma tana son fom ɗin gwajin hannu da sa hannun wanda aka yarda da shi. Hawa mota da mataccen lasisi, ko na kwana ɗaya ne, ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikata za ta sauke ka daga jadawali ba albashi, in ma abin ya tsaya nan.

9. Ajiye takardun shekara uku

NREMT tana zaɓar wasu ba tare da wani dalili ba ta ce su kawo shaidar abin da suka rubuta. Ni ma an taɓa zaɓata sau ɗaya. Da yake komai yana fayil, cikin rabin awa na tura. Abokin aikina da aka zaɓa a shekarar ya yi mako biyu yana kiran waya. Ka riƙe shaidun wata 36, kuma kada ka rubuta awar da ba ka yi ba, ko da malamin abokinka ne ya ce zai sa maka hannu. Wanda aka kama da wannan satifiket ɗin yake rasawa, labarin kuma yakan isa jiha.

Idan wa'adi ya riga ya wuce

Akwai ɗan rangwame, amma ƙunci gare shi. Daga 1 zuwa 30 ga Afrilu ana karɓar takarda a makare, da tarar dala 50 a kan kuɗin da aka saba. Sharaɗin shi ne awannin duka an gama su kafin ƙarshen 31 ga Maris. Watan Afrilu na miƙa takarda ne, ba na ƙarasa karatu ba. Kwas mai ɗauke da ranar 2 ga Afrilu ba zai cece ka ba. Ka kuma sanar da ma'aikatarka halin da kake ciki, don idan lasisin jiharka ko aikinka ya rataya a kan satifiket ɗin ƙasa, ba lallai a bar ka ka hau mota a kwanakin ba.

Idan Afrilu ma ta wuce, ko awannin ba su cika ba, satifiket ya mutu, sai hanyar dawowa. Ba za ka koma aji daga farko ba, amma za ka kawo awa 40 na tsarin NCCP da aka yi cikin shekara biyun da suka gabata, ka sake cin jarrabawar kwamfuta, ka kuma cika sharaɗin gwajin hannu wanda jiha ta amince da shi. Awannin da ka riga ka tara ba su lalace ba muddin suna cikin shekara biyun, don haka kada ka zubar da jakar. Ka fara da kiran ofishin jiha ka ji inda ake gwajin hannu kusa da kai, domin shi ne ya fi wuyar samun rana.

Ƙanen namu da ya kira ni, da muka buɗe asusunsa tare muka tarar yana da awa 22 daga horaswar ma'aikata waɗanda bai taɓa shigarwa ba, ga katin CPR da ya sabunta a bazara. Abin da ya rage masa awa biyun yara ne, da ɗan gibi a gidan numfashi, da kwandon kansa. Asusunsa kuma har lokacin yana haɗe da wurin da ya bari tun bara, shi muka fara gyarawa a daren.